Kyanwa Ba Ta da Ragon Suna

A ƙasar Kazaure ba a wasa da suna. Ranar da jariri ya kwana bakwai, tun bayan sallar asuba ake baza tabarmi a ƙofar gida, dattawan unguwa su taru, a zagaya da goro da dabino, uba ya sunkuya ya gaya wa liman abin da ya zaɓa, a shafa fatiha, sannan maroƙi ya ɗaga murya har matan cikin gida su ji su rangaɗa guɗa. Mahauci na gefe yana wasa wuƙar fiɗa, wanzami na jiran a miƙo masa kan jariri. Saboda jinin ragon nan ne ake ce wa abin da aka raɗa a ranar sunan yanka, kuma shi zai bi mutum zuwa takardar makaranta, da wurin ɗaurin aure, har ranar da za a jera sahu a yi masa salla.

Duk wanda ya taɓa zama wurin fiɗar ragon suna ya san akwai wata mahalarciya da ba a gayyata, kuma ba ta fashi. Tana kan katanga ko a bayan turmi, ta tattara ƙafafu, ta naɗe wutsiya, idonta na kan hannun mai fiɗa. In an jefa mata guntun huhu ta cafe ta ɓace. A gidan aka haife ta, wataƙila a nan aka haifi uwarta ma. Ta girmi jaririn da ake wa taro, wani lokaci har ta girmi auren iyayensa. Amma tambayi kowa a wurin yaya sunanta, za a dube ka ne a yi dariya. Kyanwa ce mana. Wane irin suna kuma?

Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, domin ba haka muke yi wa sauran dabbobin da muke zaune da su ba. Je ka bargar wani basarake ana gobe hawan salla ka ji yadda ake kiran dawakai: akawal, kili, danda, bidi, hurde, gunya, kowanne da launinsa, kuma bayan wannan mai doki yakan ƙara wa abin hawansa wani laƙabi nasa na kansa. Bafulatanin da ke kiwo a dazukan Gwiwa ya san kowace saniya a garkensa da sunanta, ya kira ta daga nesa ta ɗago kai ta taho. Maharbi ba ya fita da karen da ba shi da suna, don idan farauta ta yi zafi dole ya san wanda zai kira da wanda zai tsawata wa. To doki a turke yake kwana, saniya a ruga, kare kuwa iyakarsa ƙofar gida. Kyanwa kaɗai ce ke shiga har uwar ɗaka, ta hau gado, ta kwana a ƙafar tsohuwa, kuma ita ce aka bari haka nan.

Ba kalma muka rasa ba. Kazaure na kan hanyar Kano zuwa Daura, Gwiwa da Roni suna kallon ƙasar Katsina ta yamma, Babura ta jingina da iyakar Nijar, saboda haka kunnen mutumin yankin nan ya saba da duk abin da Hausa ke kiran wannan dabba da shi. Wani ya ce kyanwa, wani ya ce mage, wani kuliya, baƙo daga yamma ya ce mussa, namiji kuma muzuru ne a bakin kowa. Mun ƙare mata kallo sosai, har muka ɗebo magana daga jikinta. Wanda ya zare ido yana harare-harare, mun ce yana muzurai. Wanda ya yi lamo yana jiran dama, mun ce mage ce mai kwanciyar ɗaukar rai. Zakaran da Allah ya nufa da cara, muka ce, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Duk wannan kallo jinsi aka yi wa. Ita wannan ta gidanmu, mai tabo a kunnen hagu, wadda ba ta shan nono sai an kau da ido, ba ta samu komai daga ciki ba sai mus-mus, kiran da kowace kyanwa a garin za ta amsa.

A duk Hausa kyanwa ɗaya na sani da ta kusa samun suna, ita ce kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. Ita ma da aka duba sunan uwar ɗakinta ne.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan. A gidan tarihi na Alƙahira akwai wani ƙaramin akwatin gawa na dutse da yarima Tutmos, ɗan Fir'auna Amenhotep na uku, ya sa aka sassaƙa wa kyanwarsa fiye da shekara 3,300 da suka wuce. An zana ta zaune gaban teburin abinci, an rubuta sunanta Ta-miu. Ma'anarsa a harshen Misirawan da ita ce kyanwa mace. Yarima guda ya kashe dukiya a kan kabarinta, amma bai wuce inda muka tsaya ba wajen kiranta.

Yanzu dai abin ya fara sauyawa, kuma daga wajen yara da samari sauyin ya zo. Ɗaliba a kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu za ta nuna maka hoton kyanwarta a waya kafin ka tambaya. A Kano ana saye da sayar da irin na Farisa masu dogon gashi, a ɗaura musu ƙararrawa a wuya, wasu kuma sukan biyo motar Daura su sauka a nan. Waɗannan duk suna da suna. Mafi yawa daga talabijin aka ɗauko: Tom, saboda zanen nan na kyanwa da ɓera da kowane yaro ya sani, ko Simba, wanda zaki ne da Swahili, ko sunan wani ɗan ƙwallo ko jarumar fim ɗin Indiya. Ina murna da yaran nan, don sun ga abin da mu muka wuce ba mu gani ba. Sai dai sunan da suke ɗaukowa rigar aro ce, an ɗinka ta ne a jikin wani. Tom ba ya gaya maka komai game da wannan muzurun da ke gabanka, launinsa ko halinsa ko ranar da ya shigo gidan. Alhali kuwa a wajen sa wa abu sunan da ya dace da shi, da wuya a samu waɗanda suka fi iyayenmu gwaninta.

Dubi yadda muke yi da 'ya'yanmu. Sunan yanka, duk da ragonsa da fatiharsa, sau da yawa ɓoye shi ake yi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ya zama Abba ko Baba, yarinyar ta zama Ummi ko Mama, don babu mai iya buɗe baki ya tsawata wa sunan mahaifinsa. Saboda wannan alkunya, sunan da mutum ke yawo da shi kullum wani ne daban, kuma daga lura aka samo shi. An lura da rana: Ladi, Altine, Talatu, Larai, Lami, Jummai, Asabe, da su Ɗanladi da Ɗanjuma. An lura da layi: namijin da ya biyo mata Tanko ne, macen da ta biyo maza Kande ce ko Delu, wanda ya biyo tagwaye Gambo, na ƙarshe Auta. An lura da lokaci: Azumi, Sallau, Tasalla, Anaruwa, Nomau. An lura da jiki: Cindo mai yatsa shida, Jatau, Duna, Dogo. An lura har da baƙin cikin gida, inda uwar da 'ya'yanta ke mutuwa za ta kira wanda ya zo Ajuji ko Bawa ko Ayashe, tana nuna kamar ba ta damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labari ne a dunƙule. Ka ji an ce Shekarau, ka san uwarsa ta daɗe da cikinsa.

Ko garin nan ma haka ya samu nasa. Labarin da ake bayarwa shi ne wani maharbi, Kutumbi, ya fito farauta ya daɗe bai koma ba, danginsa suka biyo sawu har suka iske shi a wani kwari da duwatsu suka kewaye. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kai ya dubi wurin ya ce kamar zaure, daga nan aka samu Kazaure. Ko ma yaya masana tarihi za su auna labarin, ya nuna yadda mutanenmu suka ɗauki suna: a fara duba abu tukuna, sannan baki ya faɗi abin da ido ya gani. Daga baya Ɗan Tunku ya kafa masarauta a 1819, sarakuna suka zo suka wuce, aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, sunan yana nan yadda wancan baƙo ya furta shi.

Kyanwa ba ta da sunan yanka, kuma ba za ta taɓa samu ba. Babu liman, babu rago. Abin da ya rage mata shi ne laƙabi tsantsa, wato irin sunan da muka fi ƙwarewa a kai. Na ga yadda ake yin sa a gidan wata gwaggona a Roni, wata damina. Jikanyarta ce ta ji kuka a ƙarƙashin rumbu, ta zura hannu ta jawo 'yar kyanwa jiƙe sharkaf, idonta bai daɗe da buɗewa ba. Kafin a goge mata jiki har gardama ta kaure. Yayan yarinyar ya ce Tom. Ita ta ce ai mace ce, kuma yau Alhamis, don haka Lami. Gwaggo na tankaɗe a bakin ɗaki, ta ajiye rariya.

"Ke 'yar nan, rufa mini asiri. Lami tana nan bayan katangar nan. So kike gobe a ji ni ina cewa Lami ta shanye mini nono, Lami ɓarauniya?"

"To Hajiya, yaya za mu sa mata?"

"Ku bar ta tukuna. Ita za ta faɗi sunanta."

Aka bar ta. Aka riƙa tsoma mata tsumma a madara tana tsotsa, har ta fara lasa da kanta daga murfin kwano. Da ta yi ƙwari sai ta gano murhu. Kullum bayan an sauke tuwon dare wuta ta mutu, za ta lallaɓa tsakanin duwatsun ta kwanta a ɗumin, da safe ta fito fari fat tana atishawa, tana barin sawu a tsakar gida. Wata safiya Gwaggo ta gan ta ta ce, "Ga Toka nan ta fito." Babu wanda ya ce an raɗa suna, amma kafin azahar kowa a gidan Toka yake cewa, har shi mai Tom ɗin.

Abubuwa biyu na cikin maganar Gwaggo, kuma dukansu na ɗauke su da muhimmanci. Na farko haƙuri. Ba a sa wa kyanwa suna ranar da ta zo, don ranar ba ka san ta ba. Wadda ke kwana a tsoron kowa yau, bayan sati biyu ita ce mai hawa kafaɗar mai gida. Ka ba ta lokaci, za ka ga ko Sanɗa ce, ko Gyangyaɗi, ko Shiru, ko Kwaɗayi. Launi ma ya isa: mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi Zabuwa ce ko Wake, mai ruwan ƙasa Dusa. Hanyar zuwanta ma suna ce: Tsintuwa, Kyauta, Baƙuwa, 'Yar-rumbu, Marka ga wadda ta zo cikin ruwan Agusta. Duk waɗannan kalmomi ne da ke zube a tsakar gidanmu, babu mai ɗauka.

Na biyu shi ne iyaka. Sunan mutum ba na dabba ba ne a wajenmu, kuma ina ganin daidai ne a bar shi haka. Kyanwa dabba ce da za a yi wa tsawa, a kora, a zarga da sata, kuma duk wannan da sunanta za a yi, da ƙarfi, a gidan da katangarsa ba ta tare murya. Sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzo ba a ma kawo su cikin zancen. Amma ko Ladi da Asabe, matuƙar akwai mai amsa su a unguwa, barinsu ya fi. An san gidajen da aka mai da sunan dabba makami, kishiya ta sa wa akuyarta ko kyanwarta Ta-fi-su ko Sai-haƙuri, ta riƙa ƙwala kira duk sanda abokiyar zama ta fito tsakar gida. Ana ba da labarin ana dariya, ni ba ya ba ni dariya. Ranar da habaicin ya kai wa waccan wuya, ba mai kiran za ta jefa da muciya ba, wadda ake kiran za ta jefa.

Akwai kuma masu ganin sa wa kyanwa suna kwaikwayon Turawa ne, ko ma wauta ce da ba ta dace da Musulmi ba. Waɗannan ina roƙonsu su koma littattafan da muka karanta a zaure. Dabbobin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna da sunaye sanannu: taguwarsa Ƙaswa, alfadararsa Duldul, jakinsa Ufairu wanda Mu'azu ɗan Jabal ya ba da labarin an goya shi a kai. Labarin da ke yawo a intanet na wata kyanwarsa mai suna Mu'izza ba ya cikin manyan littattafan hadisi, kuma ba ma bukatarsa, don abin da ya inganta ya wadatar. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malaman ƙasar nan suka gada kaka da kakanni, an kawo yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallo da mamaki, shi kuma ya gaya mata Manzo ya ce kyanwa ba najasa ba ce, ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. A shari'a ke nan 'yar gida ce.

Sai kuma babban misali, wanda muke furtawa kullum ba tare da mun tsaya a kansa ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, mutumin ƙabilar Dausu ta Yaman da ya iso Madina a shekara ta 7 bayan hijira, kusan babu mai kiransa da sunan yankansa. Malamai ma sun yi saɓani a kan sunan, mafi rinjaye suka ce Abdurrahman ɗan Sakhru. Duniya ta san shi da Abu Huraira, kuma shi da kansa ya faɗi dalili: yana kiwon tumakin gidansu yana da 'yar kyanwa, da dare ya ɗora ta a bishiya, da rana ya tafi da ita yana wasa da ita. Huraira 'yar kyanwa ce da Larabci. Mu kuma muka yanki wannan rabin muka sa wa 'ya'yanmu mata. Babu unguwar da za ka shiga a Kazaure ko Babura ka rasa Hurera ko Hure, an yanka mata rago, liman ya shafa fatiha. Ashe mun yarda 'yarmu ta ɗauki sunan kyanwa saboda albarkar wanda ya so kyanwar, ita kuwa kyanwar da ke gabanmu muna jin nauyin mu sa mata ko da Toka.

Wani zai ce, to ita ta san ana yi? Kare ka kira shi ya taho da gudu, kyanwa kuwa ka yi ta kira ko kallo ba ka ishe ta ba. An gwada wannan. A 2019 wata masaniya a Jami'ar Sophia da ke Tokyo, Atsuko Saito, da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a kan kyanwoyi 78. Sukan kunna wa kyanwa muryar mai ita yana faɗin kalmomi huɗu masu tsawo da amo irin na sunanta, ɗaya bayan ɗaya. A kalmar farko takan motsa kunne, kafin ta huɗu ta gaji ta daina kulawa. Da an faɗi sunanta sai kunne ya sake miƙewa, kai ya juyo. Ko da muryar baƙo aka yi, haka abin yake. Ba su cika tashi su taho ba, iyakarsu kunne da kai. Duk mai kyanwa ya san wannan juyin kunnen, mun dai ɗauka ƙuda take kora. A 2022 wasu masu bincike a Jami'ar Kyoto suka ƙara da cewa kyanwoyin da ke gida ɗaya suna gane sunayen junansu ma.

Wannan ya ba mu ɗan abin aiki. Tunda amo take kamawa, gajeren suna ya fi, gaɓa biyu ko uku, mai fita tas daga baki. Kada ya yi kama da sunan wani yaro a gidan, in ba haka ba duk kiran da aka yi wa Hadiza kyanwa za ta ji, har ta daina kula kowanne. A riƙa faɗinsa lokacin da ake ajiye mata abinci da lokacin da ake shafa ta. Wanda ba ya kiran sunan sai zai yi duka, ya koya mata gudu ne daga sunanta. Kuma gida ya tsaya a kan guda ɗaya.

Amma ba don kunnen kyanwa na damu da wannan magana ba. Don namu halin ne. Ita kyanwa ba roƙo ta zo yi gidan ɗan Adam ba, aiki ta zo. Masana sun nuna asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara noma suna tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, ita ta biyo ɓera. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa a binne kusa da juna. Wannan tsohuwar yarjejeniya tana nan da ranta a kowane ƙauye tsakanin Gwiwa da Babura. Manomin da ya ɗaure gero da dawa ya zuba a rumbu, ya tara buhunan gyaɗa da wake da riɗi a ɗaki, ya san bambancin shekarar da akwai kyanwa a gidan da shekarar da babu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Barno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa, tare da rufe hatsi da tsabtace gida, har da ajiye kyanwa. Ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada sai ɗan ƙanzo da kan kifi.

Ga yadda muke saka mata. Ta haihu a bayan tukwane, 'ya'ya huɗu ko biyar, mai gida ya ce sun yi yawa. A zuba su a buhu, a ba yaro ya kai bayan gari, ko a jefa a bayan motar da za ta kasuwa a sauke su a hanya. Uwar ta kwana uku tana zagaya gida tana kuka, nono ya cika mata. Ta tsufa ta daina kamu, a daina zuba mata. Baƙa ce, a ce aljana ce ko ta mayu, yara su bi ta da dutse manya na kallo. Ta ɗauki tsokar nama sau ɗaya, a karya mata ƙugu da taɓarya. Masu yin wannan ba mugaye ba ne, mutane ne masu salla da zumunci, waɗanda sun san hadisin da Buhari da Muslim suka kawo na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sun sani sarai. Abin da ya sa hannu ba ya rawa shi ne, abin da ke cikin buhun ba kowa ba ne. Kyanwa ce kawai, gobe wata za ta hauro katanga.

Haƙƙin dabba ba ya jiran suna. Mai suna da marar suna duk za a tambaye mu a kansu. Sai dai zuciyar ɗan Adam ba ta iya riƙe jinsi, ɗaya-ɗaya take riƙewa, kuma da suna take riƙewa. Mutumin da zai iya cewa a kai kyanwar nan bayan gari, bakinsa zai yi nauyi in zai ce a kai Zabuwa. Yaron da ya raɗa suna da bakinsa, shi ne zai tashi da dare ya duba ko ta shigo, shi ne zai lura ta kwana biyu ba ta ci ba, shi ne zai matsa wa babansa a kai ta asibitin dabbobi. A al'adarmu ma wanda ya zaɓi suna shi ke sayen rago, kuma shi ke ɗaukar ci da sha da sutura. Ba mu taɓa raba raɗa suna da ɗaukar nauyi ba. Yaron da ya koyi wannan a kan kyanwa yana ɗan shekara bakwai, ya fara koyon abin da zai bukata ranar da za a miƙo masa nasa jaririn.

Saboda haka, mai karatu, idan akwai kyanwa a gidanku da har yau mus-mus ake ce mata, tara yara ku zuba mata ido na mako guda. Ku ga inda take kwana, da abin da take so, da wanda take bi. Ku sa mata suna da Hausa, wanda ba na maƙwabci ba, ba kuma na habaici ba. Wanda sunansa ya ci, a ɗora masa zuba mata ruwa da abinci. Idan ta haihu, a bar 'ya'yan su sha nono har su yi wata biyu, sannan a bi gidajen dangi da maƙwabta masu rumbu a tambaya wa ke so. Kada a sa su a buhu.